Beben da Ke Wanke Malam

Auta ta buɗe tagar ɗakin, ba don warin mahaifinta ba. Wannan ta saba da shi. Turaren ɗalibansa ne ba ta iya jurewa.

Tun da ɓarin jikin Malam ya shanye, magana ta ɗauke, suke zuwa da manyan riguna. Su matso kusa da gado, a ɗauki hoto, su fita suna kakkaɓe hannu. A falo kuwa kullum rigima ce kan wanda zai gaji kujerar makaranta. Babbansu, wanda Auta ta laƙaba wa Tulun Turare, har ya sa an fara kiransa Halifa, alhali mai kujerar na kwance yana numfashi.

Ita mace ce, ba za ta buɗe tsiraicin ubanta ba, kuma ba ta da ɗan'uwa namiji. Ranar da ta roƙi wani cikinsu ya sauya masa zane, kowa ya tuna yana da karatun da zai bayar. Ba a jima ba bayan Malam ya fara gyambo.

Sai ga wani dattijo da bokiti da sabulu, fuskarsa cikin takunkumi irin na asibiti. Bai ce uffan ba, ya nuna ɗakin da hannu. Aka ce bebe ne. Kowace safiya yakan juya Malam, ya wanke shi, ya zubar da fo, ya shafa magani. Farkon zuwansa Malam ya kau da fuska yana hawaye, Auta ta ɗauka zafin ciwo ne. Daga baya gyambon ya kama warkewa, kuma in dattijon zai tafi, sai Malam ya riƙe masa yatsa da hannunsa mai lafiya.

In ya ratsa falo da fo, ɗaliban kan toshe hanci da bakin rawani, su ci gaba da hirar da suka fi so: ɓataccen malamin nan da Malam ya yi shekaru yana yi wa raddi. Auta ta girma tana jin rigimar, don Malam kan kunna karatun mutumin a gida, ya tsayar, ya yi kaca-kaca da shi.

"Ai mu muka gama da shi," in ji Tulun Turare. "Ya ajiye rawani, ya bar makarantarsa, ko labarinsa babu."

Ranar da za a tabbatar da sabon Halifa aka gayyato masu kyamara. Tulun Turare ya tare dattijon a ƙofa.

"Kai, bebe, kada mu ƙara ganinka. Ga manyan baƙi, kana mana yawo da kashi."

"Allah gafarta, in ya tafi, kai za ka wanke Baba?" Auta ta tambaya.

"Za a duba."

Ta san ma'anar za a duba, ta ji kamar ta tofa masa yawu. Dattijon ya ɗauki bokitinsa ya koma bakin ƙofar gida ya zauna.

Ɗaliban suka ɗaga Malam ba wanka, suka jingina shi da matasai, suka naɗa masa rawani, suka fesa turare a kan zanen da ya ɓaci. Tulun Turare ya kama shanyayyen hannun ya ɗora a kansa, don hoto ya nuna an sa masa albarka. Sai Malam ya fara kakari, amai ya biyo. Halifa ya yi tsalle baya yana duba rigarsa, sauran suka cika ƙofa suna turereniya.

Auta ta ƙwala ihu. Dattijon ya shigo da gudu, ya tallabi kan Malam a cinyarsa, ya share masa baki da tafin hannu. Da ya dubi idanun Malam ya ga alamar ajali, sai ya sauke takunkumin, ya sunkuya kan kunnensa.

"Ɗan'uwana, ni ne. Ce la'ilaha illallahu."

Leɓen Malam ya motsa, yatsansa ya ɗago a hankali.

Auta ta zuba wa dattijon ido daga jikin bango. Fuskar ba ta taɓa ganinta ba, amma ko cikin barci ta san muryar nan: ita ce wadda Baba ya yi shekaru yana kunnawa yana tsine wa mai ita.