Barkonon Tsare Ruwa

Na tsugunna a bayan farin ƙyallen majigi, na tumɓuke tsinkayen barkono da albasar da na kafa. Da su muke tsare ruwan sama a ƙauyukanmu na tsibirin Jawa, don ko yayyafi aka fara, 'yan kallo watsewa suke yi. Tun ina amarya nake kafa wa mijina su a duk bikin da zai haska fim.

Yau ma ya shimfiɗa tabarmi har bakin gonar shinkafa, amma babu kowa a kai. 'Yan biki suna ƙarƙashin rumfa, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ana kallon wasan kwaikwayon 'yan birnin Jakarta.

"Kaka, fim ɗinka ai ya girmi babana," in ji jikarmu, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Za su zo," ya ce mini, yana goge na'ura da gefen zanensa. "Bari su gama cin abinci."

Sun daɗe da gamawa.

Na jefa tsinkayen a kwata, na roƙi Allah ya sauko da ruwa. Ba a jima ba ruwa ya tsuge.

Ya rugo yana naɗe ƙyalle, yana ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Uwar yara, yau barkononki bai ci ba! Da filin nan ya cika maƙil!"

"Laifina ne, Maigida."

Ya dubi ramukan da tsinkayen suka bari. Ya sa ƙafa a hankali, ya rufe su.