Saura Baƙar Fata a Hoton

"Kai mai jar riga, zo nan!"

Farfesa Seok Hye-rim ta tare saurayin a ƙofar cocin jami'a, ana fitowa daga addu'ar rana. Wata uku ke nan da Fada, shugaban jami'ar, ya ɗora ta kan kwamitin tabbatar da cewa ba a ware kowa ba, kuma gobe za a buga hoton da zai shaida wa duniya haka. Ta samu 'yar Vietnam, ta samu ɗalibi mai keken guragu. Baƙar fata kaɗai ya rage mata, sai ga shi Allah ya kawo.

Ta ja shi tsakiyar layin ɗaliban da suka jeru gaban mai hoto, ta juya harshe zuwa Turanci, tana jan kowace kalma kamar mai lallashin yaro.

"Barka da zuwa Koriya! Ka iya cin kimchi? Yaji bai dame ka ba?"

Mai hoto ya sauke kyamara.

Saurayin ya rusuna, ya amsa da Koriyanci tsantsa.

"Farfesa, ai kakata kimchi take sayarwa a kasuwar garin Mokpo, nan Koriya. Can aka haife ni."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ƙyar ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. Ban taɓa ganinka ba ne."

"Ni ne Pyo Dong-ha. Shekara biyu ina zama layin gaba a ajinki. Kullum kika kira sunana na ce ga ni, sai ki yi wa na bayana murmushi."