Madam ta Bencin Baya

Tun ranar da Dokta Zubairu ya gano shirinsu na ƙaurace wa jarrabawa, Moussa ya rantse akwai munafuki a ajin. Shi ne shugaban aji, kuma a cewarsa hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Hancin nan kuwa bencin baya ya nufa, wurin Madam Hamsatu.

Ina dalili mace ta haura hamsin, ta gama koyar da yara a Tahoua, sannan ta zo jami'a tana goga kafaɗa da sa'o'in 'ya'yanta? Ko allo ba ta gani sosai. Da hotunan darasi da ake turawa a rukunin waya na aji take karatu, sai ta kai waya bakin hanci.

Moussa ya sa mata ido. Da Dokta ya shigo, sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Shi kuma mutumin da ke tsare kowa da tambaya bai taɓa nuna ta da yatsa ba. In zai wuce bencinta, har muryarsa raguwa take yi. Makinta ne mafi ƙasa a ajin, amma Moussa ya ce ai wannan ɓad da sawu ne.

Ran Laraba ya tsayar da ita gaban kowa.

"Inna, magana ɗaya ce. Ki ce 'Zubairu azzalumi ne', mu san ke tamu ce. In ba haka ba, mu fid da ke daga rukuni."

"Yarona, ka san in kun fid da ni na faɗi shekarar nan."

"To faɗi mana."

"Sunan nan ba zai fito bakina ba."

Aji ya ɗauki ihu. Nan take Moussa ya danna waya ya cire ta.

Bai ƙoshi ba, yana son hujja. Da la'asar ya hau babur ya bi tasin da ta shiga har unguwar Boukoki. Ga motar Dokta a ƙofar gidanta! Moussa ya laɓe jikin katangar zana, ya saita waya, bakinsa har kunne.

Dokta ya tuɓe takalmi ya tsuguna a tsakar gida. Madam Hamsatu ta juya masa baya, ta dubi wata tsohuwa maƙwabciyarta da ke tsintar shinkafa.

"Hasiya, gaya wa wancan na bar karatun. Sun ce ni ke kai masa tsegumi."

Hasiya ta ajiye faifai tana tafa hannu.

"Ke? Tsegumi? Ke da tun ranar da kika haife shi ba ki taɓa haɗa ido da shi ba, don kunyar ɗan fari?"