Likitar da Aka Ɗaure wa Hannu

Masu cewa in ka sa hannu magana ta ƙare, ga misali, su saurara da kyau.

Wani attajirin hatsi ya gina asibiti a wani gari, ya ɗauki likita mace mai karɓar haihuwa. Ranar kama aiki ya sa ta rattaba hannu cewa duk ran da ta bar shi, ba za ta duba mara lafiya ba a garin da dukan ƙauyukan kewaye, har shekara goma. Da suka saɓa ta ajiye aiki, sai ta koma gida ta zauna, ilimi na ruɓewa a kanta kamar hatsi a rumbun da ke yoyo. Matan gari kuwa ba su daina zuwa ba. Cewa suke gaisuwa suka zo, kuma ba a korar mai gaisuwa. Su shimfiɗa tabarma, su miƙe ƙafa, ita tana kallo tana haɗiye magana. Ran nan wata mai tsohon ciki ta zo, ƙafafunta sun kumbura sun cika takalmi, tana cewa kanta na sarawa. Likita ta san abin da wannan ke nufi: hawan jini ne mai iya kashe uwa da ɗa. Ta tashi ta ɗauko abin awon jini, duk da ta san labari zai riga matar isa bakin titi.

Ya kuwa isa. Attajiri ya maka ta kotu, yana neman a hana ta aiki. Alƙali ya tambaye shi likita nawa ke karɓar haihuwa daga nan zuwa bakin kogi. Attajiri ya yi ta gyaran hula, ƙarshe ya ce ita kaɗai ce. Alƙali ya ce: "Manomi na da ikon shinge gonarsa, amma ba ya shinge hanyar rijiya." Ya bayyana masa cewa da unguwar asibitinsa kawai ya nema, na 'yan watanni, da an duba masa, amma tunda ya haɗa da gari da ƙauyuka duka, sharaɗin ya faɗi gaba ɗaya. Likita ta fito ta zauna a gindin darbejiya. Kafin wata ya kama ta buɗe ɗakin duba mata, ƙofarsa na kallon ƙofar attajiri.

Hausawa dai sun faɗa: garin neman ƙiba aka samo rama.