Zaren da Ya Daina Kaɗawa

Auta ba ta so kiran saurayinta ba, don Baba ya rantse ba zai ba mai gyaran na'ura 'yarsa ba. Amma tarin tsohon ya ƙi lafawa, na'urar ɗumama ɗakin kuma ƙirjinsa take bugawa da iska.

Da ya zo, ya gaida Baba a durƙushe, bai ko ɗago ya dube ta ba. Ya rage gudun fankar na'urar, ya karkatar da bakin iskar ƙasa. Sai ya zaro zare daga hankicinsa, ya riƙe a saman filon Baba, yana gyarawa yana dubawa, har zaren ya daina kaɗawa.

"Ɗumin zai taso a hankali, Baba. Ba zai ƙara dukanka ba."



Baba ya ja dogon numfashi, babu tari.

"Allah ya yi maka albarka. Auta, ba shi ruwa mana. Kai kuma, in za ka dawo, bar akwatin aikin nan a gida. Ka zo da kawunka."

Ta miƙa masa kofin, sai a lokacin ya ɗago ya dube ta.