Ƙarar Da Maigida Yake So

Dogo ya daɗe yana cewa "iye?" a gida kafin ya yarda kunnensa mutuwa yake yi. Matarsa sai ta yi ta kira, in ta gaji ta wurga masa filo.

A masana'antar da yake aiki, an lulluɓe babban injin matse ƙarfe da fallayen ƙarfe. Da an kunna shi sai fallayen su kama karkarwa, ƙara kamar ana dukan garwa a cikin kwanyarka.

Wata injiniya ta zo ta manna 'yan ƙananan na'urori a jikin fallayen. Da sun ji ƙarfen ya fara rawa, sai su sa wata na'ura ta tokare shi, rawar ta kwanta. Ranar nan ma'aikata suka ji muryar juna.

"Ashe muryarka kamar ta bunsuru take, Dogo?" in ji wani mai walda. Aka kwashe da dariya.

Can sai ga maigida, mai masana'antar, ya sauko daga ofis, fuska a murtuke.

"Uban wa ya kashe injin?"

"Yana aiki, ranka ya daɗe," Dogo ya ce.

"Ni da ƙarar nake sanin ba barci kuke yi ba!" Ya fizge wayar na'urar da hannunsa.

"Yallaɓai, kunnena..."

"Ka toshe da auduga."

Jama'a, ku ji rashin imani! An kawo gyara, yana aiki, amma mutum ɗaya ya kashe don ƙyuyar leƙowa ta taga. Shi kuwa ofishinsa gilashi ne mai kauri.

Wata rana da la'asar motar ɗaukar kaya tana ja da baya a harabar masana'antar, Dogo ya ba ta baya yana ɗaure kaya. Direba ya danna ham. Mai walda ya kurma ihu har muryarsa ta dishe. Dogo bai waiwayo ba, har motar ta take shi.

A asibiti aka yanke masa ƙafar dama. Matarsa tana kuka tana magana, shi kuwa bakinta kawai yake kallo. A masana'anta an sa wani a gurbinsa, wayar na'urar tana nan tana lilo.

Masu masana'antu, ku ji tsoron Allah. Ƙara cuta ce, kunnen da ta kashe ba ya dawowa. Wanda ya samu hanyar rage ta ya ƙi, haƙƙin ma'aikatansa yana wuyansa.