Tawadar Da Ta Ƙi Bin Ruwa

Ka ce mutumin bai cika maka ido ba tun ganin farko. To, gyara zama. Kafin ka yanke masa hukunci, ji abin da ya sami wani mai rubuta wasiƙa.

Shekara talatin ya yi a gindin wata ceɗiya a ƙofar gidan waya, da ɗan teburinsa da alƙalumansa biyu masu shan tawada, ɗaya siriri, ɗaya mai kaurin baki. Tinƙahonsa duk a kan wata shuɗiyar tawada yake, mai ɗaukar ido, wadda in ya ja layi da ita har masu wucewa sukan tsaya kallo. Akwai kuma wata kwalba da wani matafiyi ya bar masa, ya ce sunanta shuɗi-baƙi. Ya gwada ta da siririn alƙalami, ta fito a koɗe kamar ruwan ɗaurayar shuni. Ya gwada a takardar buhun siminti, ta bazu, kowane harafi ya yi gashi. A fallen littafin 'yan makaranta kuwa ta naso ta baya. Ya yi tsaki, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Ana nan, sai ga wani tsoho mai haƙar rijiya, ido ya soma gazawa, 'yarsa matar aure tana yi masa jagora, da sabon littafi mai kaurin takarda a hammatarsa. Ya ce, "Malam, abin da ke kaina nake so ka sauke, kafin a sauke ni a rami." Gari bayan gari tsohon ya riƙa faɗa: daga wace bishiya za a fara ƙirga taku, gaba nawa ne jar ƙasa, ina marmara take, a ina farin yashi zai fito ya ba da labarin ruwa. A rana ta huɗu shuɗiyar tawada ta ƙare, ba kuwa mai kawo wata sai bayan mako biyu, tsohon kuma ya ce ba shi da tabbacin mako biyu. Dole ta sa mai rubutu ya kakkaɓe ƙurar kwalbar nan, ya shayar da alƙalami mai kaurin baki. A wannan takarda ba ta bazu ba, ba ta naso ba, ta zauna daram inda aka ajiye ta. Amma dai a koɗe take, har ya ji kunya ya ba da haƙuri. Tsohon ya yi dariya, ya ce shi da wannan da waccan duk duhu ɗaya ne a wurinsa.

Bayan shekara tara, tsohon ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa, aka yi wata damina mai ƙarfi. Soro ya rufta kan adakar da littafin yake ciki, ya kwana uku cikin ruwa da taɓo. Ruwan nan ne kuma ya rusa rijiya ɗaya tilo ta garin da 'yar take aure. Da damina ta ɗauke, mutane suka koma shan kududdufi, yara suka fara gudawa, aka haƙa wuri biyu aka ci karo da dutse. Sai ta naɗe littafin a zanenta, ta nufi gindin ceɗiya. Ta ce, "Baba, hannunka ne ya rubuta. Ko akwai abin da ya rage?" Ya sa tsinin wuƙa yana ɓamɓare fallayen da suka manne. Na farko, shuɗin jirwaye kawai. Na goma, na ashirin, duk haka, ko wasali ɗaya bai tsira ba. Ya ci gaba da ɓamɓarewa. Yana kaiwa tsakiyar littafin sai ya tsaya cak. Ga haruffa nan baƙi ƙirin, a jere, kamar da wuta aka zana su. Shi a koɗe ya bar su. Ashe duk shekarun nan tawadar tana shan iska tana rinewa, yadda zane ke fitowa daga marina kore-kore sannan ya turu, tana kuma kama jikin takardar har suka zama abu guda. Ya tsoma yatsa a buta ya murza wani harafi, ko gezau. Ya daɗe yana kallo, bakinsa ba abin da yake fitarwa sai, "Ikon Allah! Ikon Allah!" Sunan garinta yana cikin waɗanda suka tsira: taku arba'in daga kanyar da ke gabas da maƙabarta, a miƙe wajen suri, gaba tara. Duk da tsufansa ya rufe tebur ya bi ta. Ya ga jar ƙasa ta ƙare inda aka ce za ta ƙare. A gaba na takwas guga ya fito da farin yashi mai danshi. A na tara aka ji ihu daga ƙasa, mata suka rangaɗa guɗa, shi kuwa ya durƙusa a bakin ramin, yana jin mamaci ya yi magana ƙasa ta amsa masa. Garuruwa ashirin da shida na farkon littafin kam sun tafi, babu mai dawo da su. Har ya bar duniya yana jin zafinsu, don su ne ya rubuta da tawadar da ya fi amincewa da ita.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.